Babi na Biyar: Takardun da Tukunya Ke Bukata

Yawancin sana'o'in abinci a garuruwanmu ba da shiri ake fara su ba. Mace ce za ta yi sinasir da miyar taushe ranar sunan 'yar ƙanwarta, a ci a yi santi, wata cikin baƙi ta karɓi lambar wayarta. Bayan sati biyu a ce ta yi na mutum hamsin. Kafin shekara ta zagayo ta tara kuloli, ta ɗauki 'yan mata masu taya ta, ta buɗe shafi a Instagram, 'yarta ta raɗa wa sana'ar suna. Duk tsawon wannan tafiya babu wanda ya tambaye ta takarda, don haka take ganin babu ruwan hukuma da ita sai ranar da ta kafa allo a bakin titi. A wurin doka kuwa, tun ranar da baƙo ya miƙo kuɗi kika ba shi abin da zai sa a cikinsa kin shiga hannu, ko da a tsakar gidanki kike girki. Dokar Abinci da Magunguna ta 1974 ta haramta sayar da abincin da aka sarrafa ko aka adana cikin ƙazanta, kuma ba ta ware babba da ƙarami ba. Da mace nake magana a babin nan saboda mata ne suka fi yawa a harkar, amma duk abin da ya hau kanta ya hau kan mai shayi da mai tsire da mai gidan burodi.

Abin da ke rikita mutane shi ne babu ofishi guda da za a shiga a fito an gama. Sunan sana'a a hannun gwamnatin tarayya yake, wurin girki a hannun ƙaramar hukuma da jiha, haraji kuwa kowa da rabonsa. Kafin ki yafa mayafi ki nufi ko'ina, ki amsa wa kanki tambaya ɗaya. Abincinki zubawa ake yi a faranti ko a kula a cinye a ranar, ko ƙullewa ake yi a leda ko gora, a liƙe, ya je ya kwana a kantin wani? Mai dafa shinkafar biki da mai ƙulla cincin tana kai wa shaguna suna iya zama a layi ɗaya, su sayi fulawa wurin mutum ɗaya a kasuwar Singa, amma hanyarsu ta neman izini daban ce.

Suna ne inda suka haɗu. Hukumar rajistar kamfanoni, CAC, tun 1990 take, dokar da take aiki da ita yanzu kuma Shugaba Muhammadu Buhari ne ya sa mata hannu a watan Agustan 2020. Idan da sunanki na yanka da na mahaifi kike sana'a, babu ƙari babu ragi, dokar ba ta tilasta miki rajista ba. Da zarar kin ƙirƙiri suna, ko kin ƙara wata kalma irin "kicin" a kan naki, kina da kwana 28 daga ranar da kika fara ki yi masa rajista. Ta intanet ake yi, da lambar NIN da hoto da sa hannu. A fara bincika ko wani ya riga ki sunan, sannan a riƙe miki shi. Saboda haka kada ki buga leda dubu da kati da riguna kafin a tabbatar miki sunan naki ne.

Rajistar iri biyu ce ta fi shafar mu. Akwai ta sunan kasuwanci kawai, mai sauƙi da araha, wadda a cikinta ke da sana'ar abu ɗaya ne: in aka biyo bashi, ko kotu ta ce a biya diyya, ana iya taɓa motarki da filinki. Akwai ta kamfani, inda doka ke ɗaukar kamfanin a matsayin wani mutum daban mai dukiyarsa da bashinsa. A da sai mutum biyu suke kafa kamfani, shi ya sa ake cusa sunan miji ko na ɗa a takarda. Dokar 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa nasa shi kaɗai, mafi ƙarancin jarin da ake rubutawa naira 100,000. Mai farawa da tukunya biyu sunan kasuwanci ya ishe ta. Wadda ke ciyar da mutum ɗari biyar a zama ɗaya, ko take hangen kwangilar ma'aikatu, gara ta yi kamfani, domin ranar da abinci ya ɓaci a taro irin wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kowanne kika zaɓa, akwai bayanin shekara-shekara da ake miƙa wa hukumar. Masu sunan kasuwanci kafin 30 ga Yuni suke miƙa nasu. Nan ne mutane ke sakaci, sai ranar da banki ya duba ya ga an rubuta sana'ar ba ta aiki, ga tara ta taru.

Takardar CAC za ta buɗe miki asusun banki da sunan sana'a, za ta sa manyan masu oda su ɗauke ki da daraja. Ba lasisin girki ba ce. Ina nanata wannan ne don ana yawan ganin an sa ta a firam an rataye a bango, mai ita ta saki jiki ta gama da hukuma, alhali wanda ya buga mata hatimin bai taɓa ganin tukunyarta ba.

Wanda zai ga tukunyar shi ne duba-gari. Tsarin mulkin 1999, a jadawali na huɗu, ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, a ciki har da kula da gidajen abinci da gidajen burodi da duk wurin da ake sayar wa jama'a abinci, da kasuwanni da mahauta. Saboda haka sashen lafiya na sakatariyar ƙaramar hukumarki ne wurin zuwa, su turo jami'in tsabtar muhalli ya duba wuri, a ba ki izinin da ake sabuntawa duk shekara. Aikin duba-gari tsoho ne a ƙasar Hausa. Tun zamanin Turawa ake horar da su a makarantar koyon tsabta ta Kano, kuma dattawa na tuna lokacin da jin an ce sun shigo unguwa kan sa mata su hau wanke randa. Kwarjinin ya ragu, amma ikon da doka ta ba su na shiga wuri, su ba da wa'adin gyara, su kwashe gurɓataccen abinci, su kai mutum kotu, yana nan.

Wanda ya san aikinsa ba ya fara duba fenti ko kujeru. Zai yi sallama, a gaisa, ya ce, "Hajiya, ina kuke samun ruwa?" In kika ce 'yan ga-ruwa, zai so ya ga duron da ake juyewa, ko yana da murfi, da abin da ake ɗiba da shi, ko kofin nan ne da kowa ke tsoma hannu da shi. Zai leƙa ya ga tazarar da ke tsakanin banɗaki da murhu, ya nemi wurin wanke hannu da sabulu, ya bi kwatar ya ga inda ruwan wanke-wanke ke kwanciya. Zai ɗaga buhun shinkafa ya ga ko a ƙasa yake ko a kan katako, ya duba bayansa ko akwai kashin ɓera. Zai buɗe firiza ya ga ko ɗanyen kaza na ɗiga a kan dafaffen nama, ya tambaya me ake yi in an ɗauke wuta. Zai kalli farcen masu aiki da kawunansu. Zai tambayi inda kike sayen nama, domin naman kwata ma'aikacin lafiyar dabbobi ya duba shi, wanda aka yanka a bayan gida da daddare kuwa Allah kaɗai ya san ciwon da ya sa aka yi saurin sa masa wuƙa. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ke bukatar miliyoyi. Murfi ne, da katako, da sabulu, da raga a taga, da kwandon shara mai rufi.

Daga nan sai ya ce a kawo takardun gwajin lafiyar ma'aikata, kuma a nan mafi yawan masu sana'a ke yin shiru. Duk wanda hannunsa ke taɓa abincin jama'a ana so a gwada shi a asibiti ko ɗakin gwajin da hukuma ta yarda da shi, galibi duk wata shida: a duba bayan gida, a duba taifot da tarin fuka da ciwon hanta. Mutane na cewa, "Ai lafiyarta ƙalau, ko ciwon kai ba ta yi." To, dalilin gwajin ke nan. Mutum na iya warkewa daga taifot ƙwayar cutar ta zauna a matsarmamarsa shekaru, yana fitar da ita a bayan gida, shi ko a jikinsa. A birnin New York an yi wata mai girki, Mary Mallon, wadda a 1907 aka gano kusan duk gidan da ta yi aiki sai taifot ta kwantar da mutane, ita kuwa garau. Har ta mutu ba ta yarda ita ce sila ba, kuma ba mugunta ta yi ba. Hannu ne da ba a wanke da kyau ba.

Masu girkin biki sun fi kowa shiga wannan haɗari, saboda ma'aikatansu na yini ne. Oda ta zo babba, a aika unguwa a kira mata biyar masu gyaran kayan miya da samari huɗu masu rabo, a sallame su da magariba. Shawarata ki tsayar da mutanen da kike kira kullum, ki biya musu kuɗin gwajin, ki ajiye takardun a wurinki. Wadda ta tashi da gudawa ko ƙurji a yatsa ta zauna gida, kuma ki ba ta wani abu, don in ta san za ta rasa kuɗin yini ba za ta faɗa miki ba.

Sai maganar lokaci, wadda duba-gari ba zai kasance a wurin ya gani ba. An dafa shinkafa da asuba, an zuba a kula, an ɗaura aure da hantsi, amarya ba ta iso zauren taro ba sai bayan la'asar. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a zafin ɗaki. Ko dai ya zauna da zafinsa sama da digiri 60, ko ya yi sanyi ƙasa da digiri 5. Tsakanin nan ne ƙwayoyin cuta ke ninkuwa, kuma zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri daidai yake da abin da suke so. Shinkafa tana da wata ƙwaya da dahuwa ba ta kashe irinta, in ta huce a hankali sai ta farfaɗo ta zuba dafin da ɗumame ba ya karya shi. Haɗin kabeji mai mayonis da kunun aya da alala sun fi saurin juyawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa gurɓataccen abinci na kwantar da mutum miliyan 600 a duniya duk shekara, 420,000 su mutu, kuma Afirka ce ta fi ɗaukar nauyin in aka auna da yawan jama'a. A wurinmu akan ce tsautsayi ne ko sammu, a yi jinya a gida, shi ya sa mai abincin ba ta cika jin labari ba. Amma dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa ta sa sayar da abinci ko abin sha mai cutarwa cikin laifuffuka, kuma a gaban alƙali iya girki ba hujja ba ne.

Mu koma kan mai ƙullawa. Ranar da zoɓonki ya shiga gora aka murɗe, ko dambun namanki ya shiga roba aka manna takarda, ko yajinki da garin kununki suka hau kanta, kin zama ta NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna. An kafa hukumar a 1993, kuma a shekarar aka yi dokar da ta hana sarrafawa ko tallatawa ko sayar da abincin da aka ƙulle ba tare da rajista ba. Sunanta ya shiga kowane gida ne a zamanin Farfesa Dora Akunyili, daga 2001 zuwa 2008, lokacin da ta sa masu jabun magani da masu zuba sinadarin buromet a burodi a gaba. Gidajen burodi da masu ruwan leda da masu yogot duk na hukumar ne, haka manyan gidajen abinci masu rassa tana leƙa kicin ɗinsu.

Ana neman rajistar ta shafinta na intanet mai suna NAPAMS. Za a bukaci takardar CAC, da shaidar rajistar tambarin kaya daga ma'aikatar ciniki ta tarayya, da gwajin lafiyar ma'aikata, da shaidar feshin ƙwari, da bayanin yadda kike haɗa kayan tun daga wanki har ƙulli. Jami'ai za su zo su ga wurin, su ɗauki samfuri zuwa ɗakin gwaji. In komai ya yi, a ba da lamba mai aiki shekara biyar. Hukumar ta ware rukunin ƙananan masu sana'a, da sharuɗɗa da kuɗi masu sauƙi fiye da na masana'antu, kuma tana da ofishi a kowace jiha. Ki je da ƙafarki ki tambaya kafin ki damƙa kuɗinki ga ɗan kamashon da ya ce ya san wani a ciki. Takardar jikin kaya kuma dole ta nuna sunan abin, da kayan haɗinsa, da nauyinsa, da adireshin mai yi, da lambar rukunin da aka yi tare, da ranar yi da ranar lalacewa. Kowane kaya da lambarsa. Lambar cincin ba ta rufe alkaki, aron lambar ƙawa kuwa jabu ne kai tsaye, ku biyun za a kama. Kada kuma ki rubuta cewa kununki na maganin suga ko hawan jini, don wannan ya fitar da shi daga layin abinci.

Mai ganin duk wannan wahalar banza ce ta tuna Kano a watan Maris na 2021, saura 'yan makonni azumi. Mutane suka riƙa zuwa asibiti da amai da fitsarin jini, ɗaruruwa aka kwantar, wasu suka rasu. Da aka bi sawu sai aka tarar abin sha ne da aka haɗa da garin lemo wanda wa'adinsa ya wuce, da wani farin gari da aka sayar a matsayin ɗan tsami. NAFDAC ta gwada shi ta ce wani sinadari ne mai guba wanda ba na ci ba. Masu haɗa lemon ba su yi niyyar kashe kowa ba, sun sayi awo ne daga buhun da aka buɗe, babu suna babu lamba. Wannan ya shafi mai faranti da mai leda baki ɗaya: duk abin da kika zuba a tukunya ke za a tambaya. Waken da aka adana da fiya-fiya, wanda irinsa ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, da manjan da aka rina da kala, da ayabar da aka nunar da sinadarin masu walda, da farasitamol da wasu ke jefawa a tukunya don ganda ta yi laushi, duk NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansu. Ki sayi kayan haɗi a mazubinsu na asali, ki karanta ranar lalacewa, ki karɓi rasit ki adana. Ranar da aka zo bincike, rasit ɗin ne zai nuna inda ɓarnar ta faro.

Haraji ba shi da tsawon bayani a matakin farko. Mai sunan kasuwanci harajin kuɗin shiga na mutum take biya ga hukumar tara kuɗin shiga ta jiharta, kamfani kuma ga ta tarayya. Harajin VAT kashi 7.5 cikin ɗari ne tun Fabrairun 2020. Ɗanyen kayan abinci an ɗauke musu shi, amma wanda aka dafa a gidan abinci ko aka yi kwangilarsa yana ciki. Dokar kuɗi ta 2019 ta ɗauke wa ƙananan da cinikinsu bai kai naira miliyan 25 a shekara ba nauyin VAT da harajin kamfani, sababbin dokokin da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025 kuma sun ƙara faɗaɗa sassaucin. Sai dai sassauci ba ya hana mallakar lambar haraji da miƙa bayani, kuma ba za ki iya nuna ke ƙarama ce ba in ba kya rubuta ciniki. Ƙaramar hukuma na da kuɗin shago da na allo. Duk wanda ya zo karɓa, ki nemi takardar da ta nuna abin da ake bin ki, ki biya ta banki in da hali, ki karɓi rasit mai hatimi. Abin da aka cusa a aljihu ba tare da rasit ba, wata mai zuwa wani zai dawo nemansa.

Wuri ma yana da nasa. In haya kike, ki gaya wa mai gida sana'a za ki yi, a rubuta a yarjejeniya, domin hayaƙi da ruwan kwata da motocin masu ɗaukar oda su ne ke haɗa mutum da maƙwabta har a kai ga mai unguwa. Mai da gidan zama ya koma gidan abinci kuwa sai da amincewar hukumar tsara birni, irin KNUPDA a Kano. Tukunyar gas a waje take zama inda iska ke kaɗawa, da abin kashe gobara a kusa wanda ma'aikata suka iya amfani da shi, kuma hukumar kashe gobara na duba wuraren da jama'a ke taruwa. Ma'aikacin dindindin, dokar ƙwadago ta ce a ba shi sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin ɗari na albashin da yake biya a asusun NSITF, wanda a kicin, inda tafasasshen mai da wuƙa suke, yana da ranarsa. Takardar wannan asusu, da ta CAC, da shaidar biyan haraji na shekara uku, suna cikin abin da ma'aikatun tarayya ke nema kafin su ba da kwangilar ciyar da taro.

Akwai takarda ɗaya da babu hukumar da za ta tambaye ki, wato yarjejeniya tsakaninki da mai oda. Mun saba da magana ta fatar baki. Uwar amarya ta kira ta ce, "'Yata, na mutum ɗari uku nake so, kin dai san hannunki," a yi dariya, a turo kafin alƙalami. Ranar biki mutum ɗari biyar su zo, abinci ya ƙare, sunanki ne zai zagaya gari. Ba rashin kunya ba ne ki ce, "Mama, bari in rubuta mana don kada in manta," ki tura mata ko ta WhatsApp ne ta amsa da cewa ta yarda. A rubuta yawan mutane da irin abinci da yawan nama a kowane faranti, da kuɗin da aka bayar da ranar cikawa, da abin da zai faru in an ɗaga biki bayan kin yi cefane, da wanda zai biya in kula ta ɓata. A rubuta ƙarfe nawa za ki kawo da ƙarfe nawa za a raba, a kuma bayyana cewa abin da ya kwana ko aka ƙulle aka tafi da shi gida ya fita daga hannunki. Kafin motar ta tashi, ki ɗebi kaɗan daga kowace tukunya a roba mai tsabta, ki rubuta rana da sunan taron, ki sa a firji na kwana uku. In wani ya kira ya ce cikinsa ya ɓaci, akwai abin da za a kai ɗakin gwaji.